Bakin ƙaho na busa jaz: karanta wannan kafin ka tura kuɗi a sayo maka

Tambayar da aka fi turo min a WhatsApp tun da na fara saka 'yan bidiyon busa ita ce wai wane mausfis, wato bakin ƙahon tirampet da ake ɗorawa a leɓe, zan saya in ina so in busa jaz, kuma kusan kowa lamba kawai yake so in faɗa masa, 3C ne ko 14A4a, ya kwafa ya tura wa ɗan uwansa da ke waje ko wani mai shagon kayan kiɗa a Legas. To ni dai ba ni da lamba ɗaya da zan raba wa kowa, kuma ba rowa ba ce wallahi, abin ne ba haka yake tafiya ba. Shi kansa jaz ɗin ai ba abu ɗaya ba ne. Wanda yake zaune a kujerar lid, wato jagoran masu tirampet, a babban ban na makaɗa, tirampet huɗu ko biyar a jere, ga turombon ga saks ga mai ganga yana ta duka ba ji ba gani, aikinsa shi ne sautinsa ya keto ta saman kowa tun farkon dare har a tashi. Wanda kuma yake tsaye gaban makirfo da mutum uku a bayansa, fiyano da bes da ganga, shi hira yake yi da mutane, yana son sauti mai kauri mai taushi wanda zai iya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Duk su biyun 'yan jaz ne amma bakin ƙahon da zai yi wa ɗaya daɗi shi zai gallabi ɗayan.

In kana son shaida duba Bobby Shew, Ba'amurke ne da ya yi suna a kujerar lid kuma ya iya solo. Da kamfanin Yamaha suka yi mausfis da sunansa ba guda ɗaya suka yi ba, akwai Bobby Shew Lead akwai Bobby Shew Jazz, na farkon kofinsa, wato kwarmin cikinsa, ba zurfi na biyun kuma mai zurfi. Mutum ɗaya fa, leɓe ɗaya, amma aiki biyu. Saboda haka kafin ka tambaye ni lamba ka fara gaya min a ina kake busa kuma da su wa.

Ɗauko naka ka riƙe a hannu mu duba tare. Zoben nan da ke zama a kan leɓenka shi ne rim. Leƙa ciki za ka ga ɗan kwarmi, shi ne kofi. A ƙasan kofin akwai ƙaramin rami inda iska ke matsewa ta wuce, maƙogwaro kenan, daga nan sai ramin ya sake buɗewa a hankali cikin jelar da ke shiga ƙahon, in ka juya shi ka ɗaga wajen haske za ka ga yadda yake faɗaɗa, wannan shi ne bakbo. Guda huɗun nan kowanne da abin da yake taɓawa, kuma babu wanda za ka ƙara ba tare da wani abu ya ragu ba, wannan ne abin da masu talla ba sa faɗa.

Yawancinmu da muka taso a ban ɗin Birged ko na makaranta ko muka koya wajen 'yan badujala da 7C muka fara, don shi ke zuwa a cikin akwatin ƙahon koyo. Lissafin lambobin nan na Vincent Bach ne, mutumin Ostiriya da ya koma Amurka a 1914 yana busa, daga baya ya buɗe ɗan wurin ƙera bakin ƙaho a New York a 1918. A tsarinsa in lamba ta yi ƙasa rim ya yi faɗi, wato 1 ya fi 3 faɗi, 3 ya fi 7, shi kuma 10½ ƙarami ne. Harafin kuma zurfin kofi yake nufi, A mai zurfi sosai, C tsaka-tsaki, D da E da F suna ta raguwa. A takardar kamfanin faɗin 7C milimita 16.20 ne, 3C kuma 16.30, 1½C ya kai 17. Ka ga dai tsakanin 7C da 3C bambancin bai kai kaurin farce ba a takarda, amma ɗora su a leɓe ka ji, kamar ba gida ɗaya suka fito ba, domin 7C bakinsa na ciki ya fi kaifi kuma kofinsa ya fi na 3C zurfi duk da harafi ɗaya ne a jikinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka harafin ba alƙawari ba ne.

Sai kuma kamfanin Schilke na Chicago su juya lissafin, a wajensu lamba in ta hau rim ya ƙara faɗi, kuma A shi ne kofi marar zurfi. Shahararren 14A4a ɗin nan da samari ke mafarki, 14 faɗin ne, babban A kofi marar zurfi, 4 siffar rim ɗin ce mai ɗan shimfiɗa, ƙaramin a kuma bakbo matsattse. Yamaha ma kusan haka suke lissafi, 11B4 ɗinsu shi ne ɗan uwan 7C. Kuma kowane kamfani da inda yake ɗora ma'auninsa a jikin rim, don haka kar ka ga milimita a shafin wannan ka ga a shafin wancan ka ce ai ɗaya ne.

Rim shi ne na farko a wajena kuma ba shi da alaƙa da jaz ko ba jaz ba, alaƙarsa da fuskarka ce, kaurin leɓenka da yadda haƙoranka na gaba suka jeru. Kamar hula ne, in lambar kanka 22 ce to ko zanna bukar ɗin wane ce in ba lambarka ba ce sai dai ta zauna a kunne ko ta matse maka goshi. Ana yawan cewa mai kaurin leɓe dole ya ɗauki babba, ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, na ga masu kaurin leɓe da ke naɗe shi ciki suna busa 10½C lafiya lau, na kuma ga siraran leɓe a kan 1½C. Abin da za ka lura da shi shi ne bakin rim ɗin ya zauna a kan fata ba a kan jan naman leɓe ba, musamman na sama. In ka gama busa ka duba madubi ka ga zoben ya fito a kan jan, to ko ya yi maka ƙanƙanta ko kana ɗora shi ƙasa da yawa. Rim mai kaurin zobe mai shimfiɗa yana da daɗin zama kuma za ka daɗe ba ka gaji ba, sai dai yana riƙe leɓe, zamewa daga nota zuwa nota yana yin nauyi. Siriri mai kaifi kuma harshe yana fita tsaf, kowace nota da kanta, amma in kai mai danna ƙaho ne zai yanke ka kafin a je rabin shiri.

Kofi kuwa nan ne maganar sauti take, nan ne kuma jaz ya shigo da gaske. Mai zurfi yana ba da sauti mai duhu mai faɗi, notocin ƙasa su cika, za ka iya busawa a hankali ƙwarai iska na ɗan fita tare da sautin, irin abin nan da ke sa mutane su ajiye cokali su juyo. Miles Davis da irin wannan ya yi rayuwarsa, samfurin Heim, kofinsa mai zurfi ne mai siffar V ba mai zagaye ba, tun yana yaro a East St. Louis ya kama shi. In ka saurari Kind of Blue na 1959 za ka ji bai damu da hawa sama can ba, tsakiyar ƙahon yake zaune yana zaɓen nota ɗaya-ɗaya, ga miyut ɗin Harmon, abin nan da ake toshe gaban ƙaho da shi don rage sauti, da ya cire wa sandar tsakiya yana manna shi a makirfo. Kofi marar zurfi kuma sautinsa mai haske ne mai kaifi, yana tsaga ban ya isa bayan ɗaki, kuma yana tallafa wa leɓe a notocin sama yadda ba za ka gaji da wuri ba. Su Cat Anderson na ban ɗin Duke Ellington da Maynard Ferguson da ya fito a ban ɗin Stan Kenton wajen 1950, wannan ɓangaren suke. Abin da za ka biya shi ne ƙasan ƙahon ya zama siriri, busa a hankali ta yi wuya, in ba ka iya ba kuma sautin ya koma kamar ana tsaga kwano.

Nan ne nake faɗa da samari. Yaro ya ji Maynard a YouTube dare ɗaya gari na wayewa ya ce shi 14A4a zai saya don ya samu C na sama da abin da ke bayansa. Ɗan uwa, notar da ba ka da ita ƙarfe ba zai ba ka ba. Abin da kofi marar zurfi ke yi shi ne notar da ka riga ka mallaka ya sa ta yi ƙara ta kuma daɗe, shi kenan. In leɓenka irin mai kutsawa cikin kofi ne ma abin da zai faru shi ne da ka ɗan gaji leɓen ya kumbura sai ya taɓa ƙasan kofin, sauti ya ɗauke ɗif a tsakiyar waƙa, iska kawai ke fita kana zare ido. Arturo Sandoval ɗan Kuba da yake hawa inda mutane ba sa zuwa an san shi da 3C, wanda ɗalibai ke busawa a makaranta, to ka ce me.

Akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, Baba kawai muke ce masa, in yaro ya zo masa da sabon mausfis yana ɗoki sai ya karɓa ya jujjuya ya miƙa masa ya ce "to ɗana, busa min G na tsakiya a hankali, ka riƙe har in gama kurɓar shayin nan." Yawanci kafin ya ajiye kofin shayin notar ta fara rawa ko ta tsinke. Sai ya ce "ka gani, ba ƙarfen ba ne, je ka dawo." Ba ya ƙara komai a kai. In yaron ya ce "Baba ai na sama nake nema" sai ya yi dariya kawai ya ci gaba da shayinsa.

Kuma maganar danna ƙaho a leɓe don a kai sama ba wasa ba ce. Louis Armstrong da kansa, wanda ya zo Najeriya a 1960 har akwai hotonsa da Sardauna suna dariya, leɓensa ya sha fashewa a shekarun 1930 saboda hawa sama kowane dare, sai da ya ajiye ƙaho na wani lokaci. Freddie Hubbard kuma a 1992 leɓensa ya tsage ya ci gaba da busa a haka har ciwon ya ruɓe, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu. Waɗannan manya ne fa. Ƙaramin rim mai kaifi a hannun wanda bai iya sarrafa iska ba hanyar nan yake bi da shi.

Maƙogwaro da bakbo ba zan daɗe a kansu ba don mai farawa ba ruwansa da su tukuna. Na Bach da aka saba lamba 27 ne, wajen milimita 3.66, kuma lambar bakin dirila ce, in ta yi ƙasa ramin ya fi girma. Babban rami yana shan iska da yawa, sauti ya buɗe amma ka gaji da wuri, matsattse kuma yana turo maka iskar baya ka ji kamar kana da abin jingina, shi ya sa 'yan lid ke son sa. Abu ɗaya dai, kar ka kai wa mai walda ko mai gyaran agogo ya buɗa maka ramin don ka ji wani ya ce haka ake yi, in an buɗe an buɗe kenan ba a mayarwa.

Sai mu dawo gida, don mu nan yanayinmu daban ne da na wanda ke New York. Waye a cikinmu yake busa jaz zalla ya ci abinci? Ranar Juma'a da dare kana wani otal kana busa a hankali mutane na cin kifi, Asabar kana wajen biki a fili ana hailaif da afrobit ba makirfo mai kyau, Lahadi da safe kana coci ko fareti. Su Victor Olaiya da Rex Lawson da E.T. Mensah na Gana duk masu tirampet ne, Fela ma da tirampet ya fara, shi ya karanta a makarantar kiɗa ta Trinity a Landan kafin ya koma saks, kuma kiɗan da suka bar mana yana son ƙaho mai haske mai cizo, ba irin na Miles ba. To in kuɗin guda ɗaya gare ka, wanda shi ne halin yawancinmu yadda dala take yanzu, ni shawarata ka tsaya a tsakiya, 3C ko 5C ko 14B4 na Yamaha, in kuma 7C ɗinka yana yi maka daɗi ka bar shi, babu dokar da ta ce na yara ne. Ni 3C nake busa kusan komai da shi, in aikin lid ne ko fili sai in ɗauko mai rim kusan iri ɗaya amma kofi marar zurfi, saboda leɓe ya ji kamar gida yake, sautin ne kawai ya canza. Masu irin na Warburton da ake kwancewa gida biyu, sama daban bakbo daban, su abin ya fi musu sauƙi.

Mausfis ɗin Monette kuma, na David Monette da ke Portland wanda Wynton Marsalis ke busa kayansa, masu nauyi ne masu babban maƙogwaro kuma ɗaruruwan daloli ake sayar da su. Suna da kyau ba musu, amma suna son mai busa da jiki a sake, in ka saba matse wuya kana tura nota sama da ƙarfi za ka ji kamar ƙahon ya ɓace maka. Ban ga dalilin da wanda bai gama mallakar sikel ɗinsa ba, wato hawa da saukar notoci a jere, zai sayar da waya don shi ba.

A kula da jabu. Kasuwa cike take da masu rubutun 7C ko 3C a jiki wanda ba sunan kamfani ko kuma an kwaikwayi sunan, ka ɗauki biyu masu lamba ɗaya ka ga kowanne da girmansa. Saka shi a ƙahon ka ɗan girgiza, in yana lilo to jelar ba daidai take ba kuma tunin, wato daidaiton nota, zai dinga yawo. Shafa rim ɗin da yatsa ka ji ko akwai kaushi. Na gwanjo kuma, wanda sau da yawa ya fi sabon jabu kyau nesa ba kusa ba, ka duba ruwan azurfar da ke kan rim, in ya goge har jan ƙarfen ciki ya fito rawaya to kar ka ɗora a leɓe sai an sake masa ruwa, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu, balle lokacin hunturu da leɓe ke tsattsagewa da kansa. Duba ƙarshen jelar ma, in ya faɗi ƙasa ya lotse ba zagaye yake ba zai taɓa sautin, amma wannan mai gyara zai iya miƙar da shi. Kuma ka tabbata na tirampet ne ba na 'yan uwansa konet da fulugel ba, na konet jelarsa gajera ce siririya, na fulugel kuma kofinsa zurfi ne sosai kuma su kansu jelarsu iri-iri ce, na ga wanda aka aiko masa da na konet daga waje bayan wata da watanni yana jira.

Wajen gwaji kuma, duk wanda ya ɗauki sabon mausfis abu na farko da yake yi shi ne ya haura sama ya ga iya inda zai kai, wannan kuwa shi ne abin da ba zai gaya maka komai ba. Fara da ƙasa, F shaf na can ƙasa, ka ji ko ya cika. Busa nota a hankali ba tare da harshe ba ka ga ko tana kamawa nan take ko sai ka tura. Yi waƙar da ka haddace mai sanyi sannan mai gudu, ka sa miyut ka cire, ka kunna tuna, manhajar auna daidaiton nota, a waya ka ga ko na sama suna hawa fiye da kima ko suna zubewa. Ka sa abokinka ya tsaya can ƙarshen ɗaki ya juya baya kana canzawa bai san wanne ne wanne ba, domin abin da kake ji a bayan ƙaho ba shi mutane ke ji a gaba ba, sau da yawa wanda kake jin ya yi maka kauri a kunne bai wuce layi na uku ba. In ba aboki ajiye waya nesa ka yi rikodin. Mafi muhimmanci ka gwada shi a ƙarshen rihasal lokacin da leɓe ya yi laushi, don da sabon leɓe kowane ƙarfe daɗi gare shi, na gaskiya sai ƙarfe sha ɗaya na dare in mai biki ya ce a ƙara ɗaya.

Kuma ɗokin sabon abu yana ruɗi, kwanakin farko za ka rantse ka samu abin da kake nema tun da, bayan mako guda ka ji komai ya rikice har ka fi da lalacewa, wannan duk leɓe ne yake neman wurin zama, ka ba shi sati biyu zuwa uku kana busa shi shi kaɗai kafin ka yanke hukunci, ba yau wannan gobe wancan ba. Kar kuma ka canza ana saura kwana biyu babban shiri. Tun da mu ba mu da shagon da za ka zauna a jera maka ashirin ka gwada, abin da muke yi shi ne in an haɗu rihasal kowa ya zo da na cikin akwatinsa da ba ya amfani da su, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu a yi musanye na ɗan lokaci, wanda ya dace da wani sai a daidaita a kan kuɗi.

Wani abu da na kusa mantawa, in za ka saka shi a ƙaho ɗan murɗawa kaɗan ya isa, ka daina buga shi da tafin hannu don jin ƙarar nan ta "fop", haka yake maƙalewa. In kuma ya maƙale don Allah kar ka sa filaya ko ka matse shi a ƙofa kana murɗa ƙahon, bututun gaban ne zai karkace ko walda ta ɓalle, gyaran ya fi kuɗin mausfis ɗin. Akwai ɗan ƙarfen cire shi na musamman mai kusoshi biyu, yawanci masu gyaran kayan badujala ko shugaban ban na coci ba sa rasa shi, minti biyu ne an fitar maka.